Tambaya da Amsa: Ba mai son zama mai magani, ga kuma rigimar ƙwallon wuta

Assalamu alaikum jama'ar wanga fili. Tun da na yi rubutu kan Dungeons & Dragons, wasan nan da ake zama a kewaye tebur ko tabarma mutum guda na jan labari sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ana jefa dayis, saƙonni ke ta shigowa, kuma mafi yawansu daga cikin garin Sakkwato, ashe muna da yawa kowa dai ya lafe a zauren gidansu da abokansa huɗu ko biyar. Na ɗauko guda uku yau, biyun farko zan ɗan ja su saboda su ne ke raba abokai.

TAMBAYA: Yaya salamu alaikum. Mu biyar na muna wasa duk Asabar bayan la'asar nan Mabera, ni ka jan wasan. Matsalarmu ba wanda ka son ɗaukar kilarik, wato jarumin da ka warkar da sauran. Guda ya ce shi ba ya zama nas ɗin kowa kullum sai dai a ce zo ka warkar da ni, guda kuma ya ce wallahi ba ya taɓa jarumin da anka rubuta shina bauta ma wasu alloli ko da wasa na, wolok ma sunka ce boka na mai yarjejeniya da aljani. Daga baya munka matsa ma ƙaramin cikinmu ya ɗauka, sati biyu ya yi ya daina zuwa, yanzu ko waya ba ya ɗauka ranar Asabar. Mi za mu yi? Dole na sai da kilarik? Daga wani ƙanenka a Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. A'a ba dole ba ne, kuma gaskiya ba ku kyauta ba da kunka ɗora ma yaron nan kayan da ku manya kunka ƙi ɗauka. Kafin ma mu shiga maganar doka, ka hau kabu-kabu ka same shi har gida ka ba shi haƙuri, ka ce ya dawo ya zaɓi jarumin da ransa ke so, ko da zai zama mayaƙi na uku a ƙungiyar.

Wanga tsoro na cewa in ba kilarik ƙungiya ta mutu, gadonsa anka yi. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson sunka fitar da wasan a Amurka a 1974 jarumai iri uku ne kacal, mayaƙi da mai sihiri da kilarik, ɓarawo ma sai a 1975 ya shigo. A tsoffin bugun nan in an sare ka ka kwanta jinya, maki ɗaya na rai kake samu a kwana guda, kaga mayaƙin da ya rasa maki 30 kusan wata guda ke nan a kwance in ba mai magani kusa, dole a lallaɓa wani ya ɗauki aikin ko yana so ko ba ya so. To amma ku bugu na biyar kuke bugawa, wanda ya fito a 2014, kuma a cikinsa dogon hutu na awa takwas yana maido ma mutum ransa cif, gajeren hutu na awa ɗaya kuma kowa na iya jefa dayis ɗin ransa ya ƙara da kansa ba tare da ya roƙi kowa ba. Mayaƙi na da nasa numfashi na biyu, dayis mai fuska goma a haɗa da lebul ɗinsa. Paladin na da rumbun waraka a tafin hannu, maki biyar a kowane lebul. Bad, wato makaɗin ƙungiya, da durud mai dabbobi da itatuwa, duk suna da sihirin warkarwa iri ɗaya da na kilarik. Ga kuma kwalbar magani da ake saye zinare 50, dayis biyu masu fuska huɗu a ƙara biyu. Kai da ke jan wasa in ka ga ba mai magani sai ka riƙa ajiye masu kwalba biyu uku a cikin akwatunan da suke fasawa, shikenan an wuce wurin.

Shi kuma mai cewa ba ya zama nas, yana da gaskiya a kan yadda ake wulaƙanta mai wannan aiki, amma bai san kilarik ba. A bugu na biyar warkarwa a tsakiyar faɗa asara ce mafi yawan lokaci, domin abin da za ka ƙara ma mutum da taɓawa, dayis ɗaya mai fuska takwas da ɗan ƙari, dodo zai kwashe shi a sara guda. Abin da gwanaye ke yi shi ne su bar mutum sai ya faɗi, sannan su jefa mai kalmar waraka daga nesa har ƙafa 60, ya miƙe, su kuma su ci gaba da nasu dukan. Ba don ya bi mutane da bandeji anka ba shi sulke da garkuwa ba.

Na ga wannan da idona a zauren da muke wasa a Runjin Sambo. Wata yamma cikin zafin Afirilu, ba wuta, kowa na fifita da kwali, mai kilarik ɗinmu yaro ne mai kunya kuma tun da anka fara faɗa ake mai tsawa, warkar da ni, a'a ni za ka fara. Sun kai lebul biyar a lokacin. Na ce kowa ya yi shiru, na ce mai ya karanta abin da ke layi na ƙarshe a takardarsa, sihirin nan na masu gadi da ke kewaye shi ƙafa 15, duk maƙiyin da ya shigo gudunsa ya ragu rabi kuma ya sha dayis uku masu fuska takwas. Ya je ya tsaya a bakin ƙofar kogo. Dayis mai fuska takwas guda ɗaya tak muke da shi, sai ya jefa sau uku ana rubutawa a bayan kwalin sukari, ƙananan dodanni na shigowa suna zubewa a gabansa, mutanen da ke mai tsawa ɗazu sunka koma bayansa suna fakewa. Tun daga ranar ba wanda ya sake ce mai nas, kuma har yau shi ke fara isowa da tabarma.

Sai maganar addini, wadda ita ce ta fi nauyi kuma ban yarda a yi ma mai ita dariya ba. Wanga fili ba na fatawa ba ne, hukunci na malamai ne kuma Alhamdulillahi garin Shehu ba a rasa wanda za a tambaya. Abin da zan ce a matsayina na mai jan wasa, duk wanda zuciyarsa ba ta kwanta da abu ba kar a ce mai ai wasa ne, a cire abin kawai. Littafin mai jan wasa na 2014 da kansa ya ce ba lallai ƙarfin irin waɗannan jarumai ya fito daga alloli ba, yana iya fitowa daga wata aƙida ko manufa da mutum ya riƙe, paladin ma rantsuwarsa ce tushen ƙarfinsa. Lissafin dayis daban, rigar da anka sa ma jarumi daban, kuma rigar taku ce ku canza. A teburinmu mun share alloli gaba ɗaya daga duniyar labarin. Mai maganinmu wanzami ne da zabirarsa da aska da ƙaho, wani lokaci maɗori, kuma akwai baiwar da ake zaɓa ta mai jinya wadda ke aiki da jakar magani mai amfani goma, ba sihiri ko ɗaya a ciki. Babariyan mun maida shi ɗan tauri, ya ma fi dacewa tunda in ya fusata rabin sara da suka da duka kawai ke kama shi. Wolok kuwa mun ajiye shi gefe, daga nau'i 12 da ke littafin 'yan wasa an cire ɗaya saura 11, ba wanda ya ji an rage mai komai. Abu guda da nake roƙo, kar garin gyara a maida kilarik malami a riƙa sa ayoyi ko addu'o'in gaske cikin jifar dayis, wannan ya fi na farkon muni, a bar abin girmamawa a inda yake.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Rigima ta ɓarke muna ranar Lahadi har anka tashi ba a gama ba. Mai sosara ɗinmu (wani nau'in mai sihiri) lebul biyar ya ce zai kashe maki biyu ya gaggauta ƙwallon wuta, sannan ya sake jefa wani ƙwallon wutan a juyi guda, mai jan wasa ya hana. Can kuma mai wizad (shi ma mai sihiri na) ya jefa nashi, bokan maƙiya ya karya shi, shi kuma ya ce zai karya karyawar, nan ma anka hana shi, ya buɗe waya ya nuna muna inda anka ce ya halatta, mai jan wasa shi ma ya buɗe tashi ya nuna inda anka ce bai halatta ba. Wa ad da gaskiya? Daga ɗalibi a Dundaye.

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Na farkon mai jan wasa ne da gaskiya ba ko tantama. Na biyun kuwa duk su biyun gaskiya sunka karanta, littafi ne ba ɗaya ba, kuma na tabbata rabin rigimar da ake yi a tebura yanzu daga nan take.

Bari in warware. A juyinka kana da babban aiki guda, sannan akwai ɗan ƙaramin aiki da mu muke kira gyara, kamar dai gyaran da mai awo ke ƙara ma a kan mudu, sai kuma martani guda da kake iya yi ko a juyin wani. Dokar 2014 ta ce in ka yi sihiri da aikin gyara, to a wannan juyin ba ka da izinin wani sihiri sai kantirif, wato ƙananan nan na kyauta da ba su cin gurbi (gurbi shi ne ƙidayayyen rabon sihiri da ake kashewa duk jifa), shi ma wanda ake yi da babban aiki. Gaggautawar sosara maida sihiri take aikin gyara, saboda haka ƙwallon wuta ɗaya sai ya bi shi da ɗan tartsatsin kantirif, iyakarsa ke nan. A 2024 kamfanin Wizards of the Coast mai buga wasan ya fitar da gyararren littafi, ya sauƙaƙa dokar ya ce gurbi ɗaya kawai za ka kashe wajen yin sihiri a juyi guda. Ƙwallon wuta biyu gurbi biyu ne. Ta ko'ina ya bi an rufe.

Mai wizad fa, a dokar 2014 ya jefa ƙwallonsa da babban aiki, bai taɓa gyara ba, don haka martaninsa na nan, yana iya karya sihirin wanda ya karya nasa muddin yana ganinsa kuma bai wuce ƙafa 60 ba kuma yana da sauran gurbi na mataki na uku. Amsoshin hukuma da Jeremy Crawford, ɗaya daga cikin waɗanda sunka tsara dokokin wasan, ya riƙa tattarawa ma sun tabbatar da haka. A dokar 2024 kuwa ya riga ya kashe gurbi a wannan juyin, na biyu ya haramta. Ita kanta karyawar an canza ta, a tsohuwar doka sihirin mataki na uku zuwa ƙasa karyewa yake kai tsaye kuma gurbin ya tafi, a sabuwar kuwa wanda ake karya ma sai ya yi jifar tsira ta ƙarfin jiki, in ya faɗi sihirin ya watse amma gurbinsa na nan bai ƙone ba. To ka ga wanda ya sauke tsohon littafi a waya da wanda ke kallon sabbin bidiyo a YouTube, wasa biyu suke bugawa a tabarma guda, dukansu kuma bugu na biyar suke kiransa.

Amma ina so mai sosara ya gane dalilin hanin, don kar ya ɗauka ƙeta ce. Tsarin gurbi ya samo asali ne daga labaran wani marubuci ɗan Amurka, Jack Vance, inda mai sihiri ke haddace abu in ya furta shi sau ɗaya ya goge daga kansa, waɗanda sunka ƙirƙiro wasan sunka ara don a sa ma sihiri awo kamar ruwan jarka a tafiyar rani. A lebul biyar kana da gurbi huɗu na matakin farko, uku na mataki na biyu, biyu kacal na mataki na uku. Ƙwallon wuta dayis takwas ne irin na ludo, matsakaicinsa 28, kuma kowa da ke cikin da'irar ƙafa 20 zai sha. Guda biyu a juyi ɗaya 56 ke nan a kan kowane maƙiyi. Abokinka mai takobi a wannan lebul sara biyu yake yi, in duk sun shiga da ƙyar ya haɗa 20 a kan mutum guda. Yanzu ka duba, ya baro Gwiwa ko Kwannawa cikin rana ya biya kuɗin mashin ya zo, kafin layi ya zo kansa ka ƙone filin duka, mi ya zo yi? Dokar nan rabonsa take tsare mai.

Akwai kuma laifin da yake namu ne masu jan wasa a nan garin. Littafin 2014 ya gina lissafinsa kan faɗa shida zuwa takwas a yini guda na cikin labari, mu kuwa daga la'asar zuwa kiran magariba faɗa ɗaya muke samu, sai a ce an yi barci, mako mai zuwa kowa ya dawo da gurbinsa cike. Dole mai sihiri ya zama sarki, mayaƙi ya zama ɗan rakiya. Ni abin da nake yi, tashinmu daga tabarma ba shi ne faɗuwar rana a labari ba. Yini guda na iya cin Asabar uku, kowa ya rubuta gurbin da ya rage mai a takarda ni kuma in ɗauki hotonta a waya. Sati na biyu za ka ga mai wizad na lissafi kamar mai cefanen ƙarshen wata, yana cewa mai takobi shiga gaba.

Ku zauna kafin wasa na gaba, minti goma ya isa, ku ce 2014 ko 2024, ku rubuta a guruf ɗinku na WhatsApp. In sabuwar gardama ta taso a tsakiyar faɗa mai jan wasa ya yanke nan take a wuce, a ajiye wayoyi, bayan sallar magariba a buɗe littafi, in ya yi kuskure ya faɗa da bakinsa a gaban kowa a gyara daga mako mai zuwa. Kuma tunda kuna lebul biyar ga wadda za ta zo maku nan gaba kaɗan, riƙon hankali. Sihiri ɗaya tak mai buƙatar riƙo ake riƙewa a lokaci guda, ka fara na biyu na farko ya faɗi. In an doke ka sai ka yi jifar tsira, lambar da za ka kai 10 ce ko rabin dukan da ka sha, wadda ta fi girma, wato dukan 12 lambarsa 10, dukan 28 lambarsa 14.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Ni da ƙannena da 'yan'uwanmu muke wasa a gida nan Arkilla. Na ɗauki renja don ina son maharbiya mai kare, sai yayanmu ya ce renja shi na mafi rauni duk littafin, in canza. Da gaske na? Daga ƙanwarka.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata. Kar ki canza. Yayanku ya ji magana ne ya riƙe rabinta. Gaskiya ne renjan 2014 ya sha suka, domin baiwarsa ta farko ta rataya ne kan irin ƙasar da ya zaɓa da irin maƙiyin da ya zaɓa, in kin zaɓi daji labari kuma ya ƙare a cikin birni to kamar ba ki da komai, sannan dabbar da ke bin sa ba ta kai hari sai ya sadaukar da nasa harin ya ba ta umarni. Su kansu masu buga littafin wasan sun amsa, sun fitar da gwajin gyara a 2016, sannan littafin Tasha's Cauldron of Everything na 2020 ya kawo dabbar da ake ba umarni da aikin gyara, ke kina harbi kare na cizo a juyi guda. Ki nemi a yi maki amfani da wannan.

Sauran aikin na mai jan wasanku ne. Wanda ya tashi a ƙasar da ake fita farauta da rani da karnuka da ganga bai kamata ya rasa abin da zai ba maharbiya ta yi ba. Ki ce mai ya sa sawun ɓarayin shanu da za a bi kwana biyu, ya sa fadama da ayari zai ɓace a ciki, ya sa rijiyar da ta ƙafe a nemo wata kafin raƙuma su durƙushe. Ki tambaye shi tun yanzu wace irin ƙasa labarin zai fi zama, ki zaɓi ita, kuma ki tuna alamar mafarauci da kike sa ma maƙiyi tana cikin masu buƙatar riƙon hankali, saboda haka ki tsaya baya da bakanki, karen ya shiga gaba.